Ɗinkin sallah ya sha kaina, gem ɗin da nake hutawa da shi ya zama rigima a gidana

Assalamu alaikum Anti. Ni tela ne a Kano, shekaruna 33, ina da mata ɗaya da yara biyu. Tun da azumi ya kama ɗinkin sallah ya sha kaina. Da hantsi nake buɗe shago, in je gida shan ruwa a gurguje, bayan asham in koma, ba na tashi sai wajen ƙarfe ɗaya na dare. Idan na dawo jikina a mace yake amma barci ba ya zuwa, kaina cike da awo da alƙawura da kiran masu kaya. Abin da ke sauke min nauyin nan shi ne in kunna tsohuwar na'urar gem ɗina PS2 da ɗan batirin sola in buga gem ɗin ƙwallo na PES 2013. Ƙanena ya sa min sabon gem a waya, ko kallonsa ba na yi, wannan tsohon nake so, shi na sani tun ina zuwa gidan gem. Matsalar ita ce sai in ce wasa ɗaya zan yi, kafin in ankara an kusa sahur. Matata ta yi magana har ta gaji. Makon jiya ta ɓoye wayar wutar, muka yi faɗa, ta kai ƙarata wurin Yayana. Ya kira ni ya ce abin kunya ne magidanci da wasan yara, kuma a watan azumi. Shekaranjiya na yanka shaddar wani ba daidai ba saboda gyangyaɗi, sai da na biya. Anti, ba na shaye-shaye, ba na yawo, ba na caca, wannan kaɗai ne hutuna. Jaraba ce ta kama ni? Ko in sayar da ita ne a zauna lafiya?

Daga wani tela, Kano

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah Ya yi wa sana'a albarka, Ya ba ka ikon sauke amanar mutane kafin ranar idi. Zan fara da tambayarka ta ƙarshe, don na san ita ce ke cin ranka. Kada ka sayar da ita, aƙalla ba yanzu ba, ba kuma cikin fushi ba. Idan ka kai ta kasuwa yau, gobe da ƙarfe ɗaya na dare za ka shigo gida da kai mai zafi irin na jiya, ba ka da abin sanyaya shi, sai ka ciro waya ka faɗa TikTok har lokacin sahur. Matarka kuwa tana nan zaune inda ka saba barin ta, ga kuma haushin ta raba ka da abinka ya ƙaru a zuciyarka.

Na yarda da kai cewa hutu abin nan yake ba ka. Wanda bai taɓa zaman shagon tela a watan azumi ba, ba zai gane irin gajiyar da kake nufi ba, domin ba ta baya da ido kaɗai ba ce. Wane ya canja aikin wuya bayan an riga an yanka, wane ya aiko yaro sau uku yana tambayar kayansa, wuta ta ɗauke ana tsakiyar guga, yaron shago ya karkata aljihu sai an warware, waya tana ruri ba ƙaƙƙautawa. Yini guda cur kowa juya ka yake yi, ba abin da ke tafiya yadda kai ka tsara. Irin wannan kan ba ya kwanciya don kawai an ɗora shi a matashi.

Akwai wata masaniyar halayyar ɗan Adam 'yar Jamus, Sabine Sonnentag, da ta daɗe tana nazarin yadda ma'aikata ke wartsakewa bayan aiki. A 2007 ita da abokiyar aikinta Charlotte Fritz suka fitar da abubuwa huɗu da ke sa hutu ya amsa sunansa: tunani ya rabu da aikin gaba ɗaya, mutum ya yi wani abu daban da ke gwada basirarsa, ya ji cewa shi ke da iko da lokacinsa, sannan jiki ya saki ya natsu. Ka duba gem ɗinka da wannan ma'auni. Muddin ƙwallo tana ƙafar ɗan wasanka ba ka tuna awon kowa. Cin da ka yi da dabararka ka yi shi. Kai ke zaɓar wanda zai shiga fili da wanda zai zauna a benci, ba mai kira ya ce ka canja. Uku daga cikin huɗun nan gem ɗin ya ba ka su, kuma a farashin da bai wuce cajin batiri ba.

Son tsohon gem da ƙin sabo ma ba abin mamaki ba ne, ni hankali na gani a ciki. Sabon gem koyo yake buƙata, koyo kuma aiki ne, wanda ya yini yana yanke shawara ba shi da sauran ƙarfin koyon sababbin maɓallai da tsakar dare. Wancan kuwa yatsunka sun haddace shi, ka san inda Xavi zai ba da ƙwallo, ka san inda Messi zai kutsa, kuma yana tuna maka zamanin gidan gem, lokacin da ba kuɗin haya ko na cefane a wuyanka. Tun 2021 kamfanin Konami ya sauya PES zuwa eFootball, ya mayar da hankali kan bugawa ta intanet. Irin waɗannan sababbin suna cin data, suna tallar sayen 'yan wasa da kuɗi, suna ba da kyautar shiga kullum don kada ka tsallake rana ko ɗaya. Na'urar da ke gidanka, wadda Sony ya fitar tun 2000, ba ta neman ko sisi a wurinka kuma ba ta aiko maka da saƙo. Idan dai za a buga gem a irin halin da kake ciki, wanda ka zaɓa shi ne mafi sauƙin sharri.

To amma na huɗun nan, sakin jiki, shi ne gem ɗin ƙwallo ba ya bayarwa, kuma daga nan matsalarka ta ɓullo. Wasan ƙwallo tayar da jini yake yi. Idan ka ci, daɗi ya sa ka ƙara. Idan aka ci ka a minti na ƙarshe, zuciya ta ce wallahi sai an sake. Haka wasa ɗaya ke zama shida. Mu yi lissafi tare: ka shigo ƙarfe ɗaya, ka buga har kusan sahur, bayan asuba ka ɗan kishingiɗa, da hantsi kana shago. Da wuya idan kana samun barcin awa huɗu, alhali likitocin barci awa bakwai ko fiye suke cewa baligi yana buƙata. Wani bincike da aka yi a Ostireliya a 1997 ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, daidaiton idonsa da hannunsa yana raguwa zuwa matakin wanda giya ta fara taɓawa. Shaddar da ka ɓata ba sakaci ba ne, jikinka ne ya fara karɓar bashinsa. Kuma idan da babur kake komawa gida a wannan dare, abin da nake ji maka tsoro ya wuce kuɗin shadda.

Ka tambaye ni ko jaraba ce. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya jarabar gem cikin kundin cututtukanta, wanda ya fara aiki a Janairun 2022. Alamomin da ta zayyana su ne mutum ya kasa iko da lokacin farawa da na tsayawa, gem ya ture sauran al'amuran rayuwarsa gefe, ya kuma ci gaba da bugawa duk da ɓarnar da yake gani, har abin ya yi wa iyalinsa ko sana'arsa illa a fili, kuma a ƙa'ida sai an ga hakan na tsawon wata 12. Hukumar da kanta ta ce 'yan kaɗan ne cikin masu buga gem ke kaiwa wannan mataki. Abin da ka bayyana min ya fi kama da na mutumin da aiki ya matse na 'yan makonni, ya samu ƙofa ɗaya ta shan iska ya manne mata. Amma ba zan ɓoye maka ba, kasa tsayawa a inda ka yi niyya alama ce da ya kamata ka ɗauka da muhimmanci tun tana ƙarama.

Yanzu mu juyo kan matarka, domin a wasiƙarka ka lissafa awannin aikinka dalla-dalla, nata kuwa ko ɗaya ba ka ambata ba. Ita ma azumin take yi. Ita ke tsaye a kan wuta da la'asar, ga kunu ga ƙosai ga tuwo, ga yara biyu da ba ruwansu da cewa uwarsu ba ta sha ruwa ba tun asuba. Ita za ta tashi ɗumama abincin sahur. A tsakanin waɗannan, sau nawa take ganin mijinta? Ka shigo shan ruwa kana duba agogo, ka fice. Sai ta hana idonta barci har ƙarfe ɗaya don ta buɗe maka ƙofa, ta ajiye maka abinci, wataƙila da labarin da ta tara tun safe: ƙaramin ya yi zazzaɓi, an yi haihuwa a gidansu, kayan sallar yara ba a saya ba. Kai kuma ka wuce ta ka zauna gaban talabijin. Ka ce wannan kaɗai ne hutunka, na yarda. Ita kuma zaman nan da kai shi kaɗai ne nata. Ina kyautata zaton ba gem ɗin ta tsana ba, abin da ke ƙona mata rai shi ne ɗan ragowar da aiki ya bar mata na mijinta, shi ma wani abu ya riga ta.

Ɓoye wayar wuta ba hanya ba ce, kai ƙarar miji waje kafin a ƙure magana a ɗaki ma ba abin so ba ne, kuma kana da damar gaya mata hakan cikin laushi. Sai dai da bakinka ka ce ta yi magana har ta gaji. Mace ba ta kai wa ga ɓoye abu sai ta ga maganarta ba ta shiga. Kuma ka lura wurin wa ta kai ka: ba ƙawayenta ba, ba gidansu ba, wurin Yayanka, wanda ta san zai rufa maka asiri. Ka ba ta wannan ladan. Lokacin da Salmanul Farisi ya iske Abu Darda'i ya duƙufa ga azumi da sallar dare har matarsa ta daina kula da kanta, ce masa ya yi Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka ma suna da haƙƙi a kanka, ka ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa, kuma Manzon Allah (SAW) ya ce Salman ya yi gaskiya. Hadisin nan ya tsaya maka, tunda ya tabbatar da cewa ranka yana da rabo. Ya kuma tsaya mata, domin idan ibada ba ta isa ta cinye rabon mace ba, ina ga ƙwallon talabijin.

Ga abin da nake so ka gwada tun daga daren yau. Kada ka jira sai kun sake faɗa. Ka same ta a lokacin da babu fushi, ka ba ta haƙuri kan faɗan makon jiya, sannan ka gaya mata abin da ka gaya min, cewa idan ka dawo kanka ba ya tsayawa, gem ɗin ne ke kashe maka hayaniyar shago. Mai yiwuwa ba ta taɓa jin wannan bayani daga bakinka ba, abin da ta gani kawai shi ne ƙeyarka. Daga nan ku yi yarjejeniya a kan jeri: idan ka shigo, ita ce farko. Ka wanke jikinka, ka ci abincin a gabanta, waya tana aljihu, ka saurari labarinta ko na minti ashirin ne. Bayan haka sai gem. Za ka yi mamakin yadda wanka da hira kaɗai za su rage rabin zafin kan da kake neman magani.

Shi kuma gem ɗin, ka yi masa yadda kake yi wa yadi, a auna kafin a sa almakashi. Kada ka ce zan buga na ɗan lokaci, domin wanda ke cikin wasa ba ya ganin agogo. Ka ƙidaya da wasanni: biyu, a saita kowanne a minti 10, ka faɗi adadin da baki a gabanta kafin ka kunna. Sharaɗin da ya fi kowanne wuya shi ne wasa na biyu shi ne na ƙarshe ko ka ci ko an ci ka. Ramuwa sai gobe, ƙungiyarka ba inda za ta je. Idan an busa tashi ka kashe, ka zare wayar wutar da hannunka ka miƙa mata ta ajiye har gobe. Wayar da aka ɓoye maka da wadda kai ka bayar amana ba ɗaya ba ne a zuciyarka, haka ma a tata. Da wannan tsari kafin ƙarfe biyu da kwata kana kwance, ka samu barcin awa biyu da wani abu kafin sahur, ka ƙara bayan asuba, sannan bayan azahar ka rufe ƙofar shago ka yi ƙailula ko ta rabin awa ce, kai da yaran shagonka duka. Yankan kaya masu tsada kuwa ka mayar da shi safiya, lokacin da idonka ke garau, dare ya zama na harhaɗawa da guga.

Idan ka gwada kwana uku ka ga wasa biyun nan suna ƙara wartsakar da kai maimakon su kwantar da kai, to lokacin ne bai dace ba, sai a sauya shi. Ka ɗauke gem ɗin daga tsakar dare ka kawo shi bayan asham, rabin awa kafin ka koma shago, lokacin yara ba su yi barci ba, babban ma ya zauna kusa da kai ya yi ihun an ci. Ka kuma tambaye ta ko tana so ta gwada, ba mamaki ta karɓa, ba mamaki ta yi dariya ta ce Allah Ya kiyaye. Kada ka matsa mata. Abin da ya fi wannan shi ne ka tambaye ta ita mene ne nata hutun, littafin Hausa ne, shirin talabijin ne, ko zuwa gidan 'yar uwarta, ka kuma samar mata sararin yinsa, ko da bayan sallah ne ka riƙe yaran yini guda.

Shi kuma Yaya, kada ka ja da shi. A maganar wasan yara ban bi shi ba. Yaran da suka cika gidajen gem shekaru ashirin da suka wuce su ne magidantan yau, kuma dattawanmu sun daɗe suna zaman dara da yamma, manya da yawa suna zama minti casa'in a gidan kallon ƙwallo ba wanda ya kira su yara. Amma wannan muhawara ba za ta amfane ka da komai ba. Ka je ka gaishe shi, ka yi masa godiya, ka ce kun daidaita da iyalinka. A maganar watan azumi kuwa yana da gaskiya babba. Goman ƙarshe tana tafe, dararen da Manzon Allah (SAW) yake ɗaure ɗamara ya raya su, ya kuma tashi iyalinsa. Na san a daidai lokacin ne teloli suka fi shan wuya, shi ya sa ɗan abin da ya rage maka na dare ya ƙara tsada. Shawarata ita ce a dararen nan, musamman na mara, ka ajiye gem ɗin gaba ɗaya da niyyarka, ba don an tilasta ka ba. Ko raka'a biyu ka samu kai da matarka kafin ku kwanta, ita ma natsuwa ce da za ta sauke maka hayaniyar shago.

Akwai kuma abin da ba ka tambaya ba amma shi ne tushen komai: ka karɓi ɗinkin da ya fi ƙarfinka. Na fahimci dalili, a watan nan tela ke tara abin da zai rufa masa asiri na watanni, kuma mayar da kayan wanda kuka saba da shi akwai nauyi. Duk da haka ka zauna gobe da safe da littafin awo, ka lissafa kaya nawa kai da yaranka kuke gamawa a rana ba tare da wuce sha biyun dare ba, ka ninka da kwanakin da suka rage, ka cire kwana biyu na ɗaukewar wuta da gyare-gyare. Abin da ya haura wannan adadi ka kira masu shi tun yanzu da sauran lokaci, ko ka mayar musu, ko da izininsu ka miƙa wa wani telan da ka yarda da hannunsa, ko ku yi magana a kan bayan sallah. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wanda ka gaya wa gaskiya saura kwana goma sha biyar zai yi ƙorafi ya dawo baɗi, wanda ka kashe wa waya daren sallah ba zai dawo ba, kuma zai ba da labarinka. Daga yau kuma a rufe karɓar sabo, ko na waye. Idan ka fara tashi sha biyu maimakon ɗaya, awa gudan nan ta ishi hira da gem su zauna tare ba wanda ya ture wani.

Bayan sallah, idan shago ya lafa, ka sa ido a kanka na wata guda. Idan ka ga gem ɗin ya koma abin da kake taɓawa jefi-jefi, wani mako ma ka manta da shi, to matsin aiki ne, ya wuce. Idan kuwa aiki ya ragu amma har yanzu kana kwana a kansa, kana makara sallar asuba ko buɗe shago saboda shi, kana fusata idan an katse ka, ko kuma ka daina shi amma barci ya ƙi zuwa kuma zuciyarka kullum a cunkushe, to kada ka tsaya jin kunya, ka je ka ga likita. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma rashin barci da damuwa suna cikin abubuwan da suke dubawa yau da kullum. Ka sake rubuto min a watan Shawwal in ji yadda yarjejeniyar ta kasance, in so samu ne da 'yan layuka daga bakin matarka ita ma. Ka gaishe min da ita da yaran, Allah Ya karɓi ibadunmu.